Yadda Ake Shirya Ma'aunan Aikin Asibiti Kafin Zuwan Masu Tantancewa

Ranar da shugaban asibiti ya kira ka ofis ya ce, "Malam, mun nemi tantancewa, kai za ka riƙe mana alƙaluma," abin da zai fara zuwa ranka shi ne ka nemo fom ka cike. Dakata tukuna. Na yi wannan aiki sau da dama a asibitocin Kaduna, na gwamnati da na kuɗi, kuma abin da nake gani kullum guda ne: mai tantancewa zai ɗora yatsa a kan lambar da ka rubuta ya ce ka kai shi inda ta fito. Idan ka iya kai shi daga allon sanarwa zuwa fom, daga fom zuwa rajista, daga rajista zuwa foldar mara lafiya, ka tsira ko da lambar ba ta da daɗin gani. Idan sawun ya ɓace a hanya, kyan lambar ba zai cece ka ba. A kan wannan na gina duk matakan da zan zayyana maka.

Abin da za ka sani tukuna

Tantancewa iri-iri ce. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin NHIS, da takwararta ta jiharmu, KADCHMA, sun fi duba lasisi, ma'aikata, gini da kayan aiki kafin su yarda asibiti ya karɓi masu inshora. Akwai kuma masu tantance inganci: SafeCare mai ba asibiti matsayi daga na 1 zuwa na 5, da SQHN da ke Legas, da COHSASA ta Afirka ta Kudu, da JCI, reshen ƙasashen waje na Joint Commission ta Amurka. Waɗannan su ne ke matsawa a kan awon aiki. Ita Joint Commission tun 1997 ta ɓullo da shirin ORYX, wanda ya mayar da miƙa alƙaluman aiki a kai a kai wani sashe na tantancewa a asibitocin Amurka.

Ƙa'ida ɗaya ta ishe ka. A 1966 wani malami a Jami'ar Michigan, Avedis Donabedian, ya kasa awon inganci gida uku: abin da kake da shi, abin da kake yi, da abin da ya samu mara lafiya. Ɗauki ɗakin haihuwa. Akwai allurar oksitosin a firji? Wannan na farko ne. An yi wa mai haihuwa ita cikin minti ɗaya bayan fitowar jariri? Na biyu ke nan. Mata nawa suka yi zubar jini mai yawa? Na uku. Masu tantancewa suna son ganin ukun, amma na biyu ya fi saurin gyaruwa a hannunku.

Kayan aiki

Littafin ƙa'idoji na hukumar da za ta tantance ku, bugu na baya-bayan nan. Rajistocin NHMIS, wato tsarin tattara bayanan lafiya na ƙasa: ta masu zuwa ganin likita, ta kwanciya, ta awon ciki, ta haihuwa, da fom ɗin taƙaitawa na wata wanda ake shigarwa DHIS2, manhajar da gwamnati ke tara alƙaluman asibitoci a cikinta. Rajistar tiyata da littafin rahoton nas na kowane ɗaki. Babban fayil mai zobe, kalkuleta, rula, takardar giraf, biro baƙi da ja. Agogon bango mai aiki a emajansi, ɗakin haihuwa, tiyata da ɗakin gwaji. Kwamfuta mai Excel idan akwai. Idan babu, dogon littafi mai bango mai tauri ya isa, kuma shi ba ruwansa da ɗaukewar wuta.

Sai mutane, waɗanda suka fi duk waɗannan muhimmanci: mutum ɗaya a kowane ɗaki da zai riƙe ƙidaya, da takarda mai sa hannun shugaban asibiti da ta kafa kwamitin inganci ta ambaci sunanka. Ba tare da wannan takarda ba, duk ɗakin da ka shiga roƙo za ka yi.

Mataki na 1: Fitar da abin da aka wajabta

Zauna da littafin ƙa'idojin da jan biro, ka ja layi ƙarƙashin duk inda aka ce a auna, a bibiya, ko a kai rahoto. Ba a babi ɗaya suke ba. Za ka tsince su a babin tiyata, na magunguna, na hana yaɗuwar cuta da na ɗakin gwaji. Sannan ka rubuta wa hukumar ka tambaya alƙaluman wata nawa take son gani kafin ranar zuwa. Amsar ita za ta gaya maka ranar da ya wajaba ka fara. A rubuce za ka karɓe ta, ba ta waya ba.

Mataki na 2: Zaɓi kaɗan

Kuskuren sabon shiga shi ne ya jero ma'aunai arba'in don ya burge. Wata uku sai ka ga rabi babu komai a gabansu. Bayan waɗanda aka wajabta, ni ba na wuce takwas zuwa goma a shekarar farko. Zaɓi abin da kuke yi da yawa, ko mai haɗari, ko wanda kowa ya san yana ba ku matsala. A matsakaicin asibiti a Kaduna nakan fara da yawan cikar gadaje, tsawon kwanciya, mace-macen ɗakunan kwanciya, mutuwar mata wajen haihuwa da jariran da aka haifa babu rai, ɗinkin da ya yi ruwa bayan aikin haihuwa, lokaci tsakanin yanke shawarar aiki na gaggawa da ciro jariri, tsabtar hannu, amfani da takardar bitar tiyata ta Hukumar Lafiya ta Duniya mai tambayoyi 19, gwajin maleriya kafin ba da magani, da kwanakin da muhimman magunguna suka yanke a famasi.

Asibitin ido ko na kunne ko na ƙwaƙwalwa ba zai kwafi wannan jeri ba. Ya duba aikinsa ya zaɓi nasa.

Mataki na 3: Rubuta takardar bayanin kowane ma'auni

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi tsallakewa. Kowane ma'auni shafi guda, ɗauke da sunansa, dalilin zaɓensa, lambar sama, lambar ƙasa, waɗanda ake cirewa daga lissafi, inda ake samo bayanin, wanda ke tattarawa, sau nawa, da burin da ake son kaiwa. Lambar ƙasa ita ce duk waɗanda abin zai iya shafa; lambar sama waɗanda ya shafa a cikinsu.

Bari in nuna maka da mace-mace, domin a nan ne gardama ke tashi. Wanda aka kawo ya riga ya cika, ana lissafa shi? A'a, ba a kwantar da shi ba, sai dai a rubuta shi a nasa gurbin. Wanda ya rasu a emajansi kafin a ba shi gado fa? Ku yanke shawara ku rubuta. Wanda ya rasu kafin cika awa 48 da kwanciya yana shiga jimillar mace-mace, amma ana cire shi daga tataccen lissafi, sama da ƙasa, saboda sau da yawa jinkirin kawowa ne ya kashe shi. Ka fitar da lissafin biyu duka. Sai kuma waɗanda 'yan'uwa suka sa hannu suka ɗauke su, da waɗanda aka tura manyan asibitoci irin su Shika ko Barau Dikko ko asibitin sojoji na 44. A wurinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Iyali da yawa idan suka ga jiki ya yi nisa, ko kuɗi ya ƙare, sai su ce gara ya cika a gida. Idan ba ka ƙidaya su daban ba, alƙaluman mutuwarku za su yi ƙasa ba don kun fi iya magani ba. Ka ba su layinsu, ka ajiye shi gefen na mace-mace, mai karatu ya ga biyun tare.

Haka ɗinkin da ya yi ruwa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a ƙidaya duk wanda ya bayyana cikin kwana 30 bayan aiki. Matar da aka sallama rana ta huɗu ta koma Rigasa ko Maraban Jos, ciwon ya yi mugunya rana ta goma, ta je kemis aka wanke mata, ba za ka gan ta a rajistarka ba. Don haka takardar bayanin ta faɗi yadda za a bi ta: ranar dawowa duba ɗinki, da kiran waya a rana ta 30. A karɓi lamba biyu tun ranar kwanciya, tata da ta maigidanta ko wata 'yar'uwa, a kuma nemi izininta. Nas mace ta yi kiran. An fi sakin jiki da ita.

Idan ka gama shafin, ba wa mutum biyu folda goma iri ɗaya, kowa ya ƙidaya shi kaɗai. Idan amsarsu ta bambanta, bayaninka ne bai fito ba. Koma ka gyara.

Mataki na 4: Gyara tushen bayanai

A wani asibiti da na yi aiki, mun zauna lissafa lokacin aikin haihuwa na gaggawa, sai muka ga folda ta nuna an ciro jariri ƙarfe 2:05 na dare, an kuma yanke shawarar yin aikin ƙarfe 2:15. Na ɗauki foldar na je wurin shugabar nas-nas na ce, "Ranki ya daɗe, duba min nan." Ta ɗaga kai ta kalli agogon ɗakin haihuwa, ta zaro wayarta, ta ce, "Ɗana, wannan agogon ai ya fi wata yana gudu, kowa ya san da haka." Kowa ya sani, amma da shi ake rubutu. Alƙaluman wata biyu muka zubar.

Saboda haka, duk safiyar Litinin mutum ɗaya ya zagaya ya saita agogunan da waya guda, ya sa hannu a littafi. Ku koma rubuta lokaci da tsarin awa 24 don a daina rikita safe da dare. Idan rajista ba ta da gurbin abin da kake son aunawa, ja layi da rula a gefen shafi ka yi mata kai; ba sai an jira sabon bugu ba. Idan rajistar NHMIS ta ƙare, kwafi kawunanta daidai a dogon littafi kafin wata ta iso daga ƙaramar hukuma, kada a koma rubutu a fallen takarda.

Ƙidayar tsakar dare ita ce uwar lissafin gadaje. Ƙarfe 12 na dare nas mai dutin dare ta rubuta: nawa aka wayi gari da su, nawa aka kwantar, nawa aka sallama, nawa suka rasu, nawa aka mayar wani ɗaki, nawa suka rage. Abin da ya rage jiya dole ya zama abin da aka fara da shi yau. Idan bai yi daidai ba, a warware da safe wajen miƙa duti, tun ana tunawa.

Mataki na 5: Tattarawa

Abin da ba shi da yawa, kamar mutuwa da tiyata, a ƙidaya duka. Abin da ya yi yawa, kamar masu zazzaɓi a sashen ganin likita, a ɗebi samfuri. A ce folda 300 ne a wata kana son 30: yi ƙuri'a tsakanin 1 da 10, fara daga lambar da ta fito a rajista, ka riƙa ɗaukar kowace ta goma. Kada ka bar wanda ya rubuta folda ya zaɓo maka, kuma kada ka ɗebi na saman tari. Foldar da ta ɓata ka rubuta ta ɓata, kada ka musanya ta a ɓoye. Yawan ɓatan folda shi ma ma'auni ne.

Tsabtar hannu da ido ake auna ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware lokuta biyar: kafin taɓa mara lafiya, kafin aiki mai buƙatar tsabta kamar sa ruwa ko wankin ciwo, bayan taɓa jini ko wani ruwan jiki, bayan taɓa mara lafiya, da bayan taɓa kewayen gadonsa. Mai lura ya tsaya kamar minti 20, ya rubuta duk lokacin da tsabtace hannu ya wajaba da ko an yi. Ya haɗa da likitoci, manya da ƙanana, ya kuma zo dutin dare da ƙarshen mako. Idan ba a iya ware mai lura ba, auna yawan sabulu da man goge hannu da ɗaki ke karɓa daga sito a wata, ka raba da kwanakin jinya, wato jimillar ƙidayar tsakar dare ta watan. Bai kai na ido ba, kuma ka rubuta cewa shi ka yi. A gefe kuma a rubuta ranakun da famfo bai kawo ruwa ba, domin ba adalci ba ne a ɗora wa nas laifin tanki.

Mataki na 6: Lissafi

Ga misalai da lambobin koyo. Ɗaki mai gado 40 a wata mai kwana 30 yana da kwanakin gado 1,200. Idan jimillar ƙidayar tsakar dare ta ba da 930, raba 930 da 1,200 ka ninka da 100: cikar gadaje kashi 77.5 cikin ɗari. Gadajen da ake iya kwantarwa a kai za ka lissafa, ban da karyayyun da ke jingine a baranda. Tsawon kwanciya: mutum 186 suka fita, har da waɗanda suka rasu, jimillar kwanakinsu 837, ka samu kwana 4.5. Tsabtar hannu: dama 200, an yi sau 118, kashi 59.

Yanzu lura da wannan. An yi wa mata 60 aiki, an samu 42 a waya ko a asibiti, 5 ɗinkinsu ya yi ruwa. Idan ka raba da 60 za ka samu kashi 8.3, idan da 42 kashi 11.9. Na farko ya ɗauka cewa mata 18 da ba a samu ba lafiyarsu ƙalau, alhali ba wanda ya sani. Rubuta wanda takardar bayaninka ta ce, ka kuma nuna nawa aka samu cikin nawa. Kullum ka sa lambar sama da ta ƙasa kusa da kason. "Kashi 50" na iya zama mutum ɗaya cikin biyu.

Mataki na 7: Tabbatarwa

Wani wanda bai shiga tattarawa ba ya ɗebi folda kaɗan ya sake cirowa daga tushe, a gwada da na farko. Mizanin da aka saba bi shi ne su dace aƙalla kashi 90 cikin ɗari. Idan ba su kai ba, a nemo dalili, a gyara, a sake. Yi haka ga kowane sabon ma'auni, da duk lokacin da aka canza ma'aikaci ko rajista, ko lamba ta yi tsalle ba dalili. Gwada kuma da abin da kuka tura DHIS2; idan haihuwar watan Yuli ta zama iri biyu a takardu biyu na asibiti ɗaya, za a tambaye ka.

Mataki na 8: Zana layi

Tebur cike da lambobi ba ya magana. A takardar giraf, jera watanni a ƙasa, kaso a gefe, ka ɗiga kowane wata ka haɗa da layi. Idan ka tara wata goma zuwa goma sha biyu, jera lambobin daga ƙarama zuwa babba ka ɗauki ta tsakiya. Idan goma sha biyu ne, haɗa ta shida da ta bakwai ka raba biyu. Ja jan layi a kwance a daidai nan. Ɗigo shida a jere a gefe ɗaya na jan layin, ko biyar a jere suna hawa ko suna sauka, alama ce wani abu ya canza da gaske. Hawa da saukar wata ɗaya kuwa yawanci kai-komon yau da kullum ne, kada a kira taron gaggawa a kansa, kada kuma a yi murna.

Rubuta abubuwan da suka faru a jikin zanen. Ƙarshen damina ɗakin yara kan cika da maleriya har a haɗa yara biyu a gado. Lokacin zafi ga ƙyanda da sanƙarau. Da azumi da makon sallah mutane kan ɗage aikin da ba na gaggawa ba. Watan yajin aiki ma a nuna shi. Wanda ya zo daga Legas ko wata ƙasa ba lallai ya san kalandarmu ba, zanen ne zai gaya masa.

Mataki na 9: A zauna a yi wani abu

Alƙaluman da ba su canza komai ba wahalar banza ce aka ɗora wa nas mai dutin dare, kuma ita ma ta sani. Shi ya sa take daina cikewa. Kwamitin inganci ya zauna duk wata, ko da na minti arba'in ne. A ɗauki ma'auni ɗaya ko biyu da suka fi ciwo, a tsara ƙaramin gyara, a gwada shi a ɗaki ɗaya na mako biyu, a duba sakamako, sannan a faɗaɗa ko a canza dabara. A rubuta wa zai yi me, zuwa yaushe.

Mun taɓa gano cewa maganin kashe ƙwayoyin cuta da ya kamata a yi cikin minti 60 kafin yanka, a ɗakin kwanciya ake yin sa da asuba, sai mara lafiya ya yi ta jiran layi har azahar. Muka ce allurar ta biyo shi tiyata a maƙale da folda, mai ba da maganin barci ya yi ta ya rubuta lokaci. Ko kwabo ba a kashe ba, layin zanenmu ya hau ya zauna. Irin wannan shafi, mai nuna matsala da mataki da abin da ya biyo baya, shi mai tantancewa ya fi daɗewa yana karantawa.

Mutuwar mai haihuwa ko jariri tana da nata zaman a tsarin MPDSR, wato tsarin bibiyar irin waɗannan mace-mace da ɗaukar mataki, kuma sharaɗinsa ba a kama suna, ba a ɗora laifi. Riƙe wannan da gaske a duk taronku. Ranar da aka ci mutuncin ungozoma a gaban jama'a saboda lamba, daga ranar lambobin za su fara yin kyau a takarda, kai kuma ka rasa idonka.

Mataki na 10: Ranar zuwansu

Fayil ɗinka ya kasance a jere: takardar kafa kwamiti, shafin bayanin kowane ma'auni, takardun tattarawa na asali, zane, shaidar tabbatarwa, da bayanan taro. Kowane ɗaki ya manna zanensa a bango, babu sunan mara lafiya ko lambar foldarsa. Sirrinsa amana ce, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023. Masu tantancewa kan zaɓi mara lafiya ɗaya su bi sawunsa daga ɗakin kati zuwa gado, su tsayar da duk wanda suka gamu da shi. Za su iya tambayar ƙaramar nas, "Sista, me kuke aunawa a ɗakin nan, kuma me kuka gyara?" Ba hadda ake so ba. Idan ana nuna mata zanen duk wata wajen miƙa duti, za ta amsa da bakinta.

Gargaɗi mafi girma shi ne cike gurbi a daren ƙarshe. Na ga inda aka zauna aka cike takardun bitar tiyata na wata shida kwana biyu kafin zuwa. Mai tantancewa ya buɗe fayil, ya ga biro ɗaya, hannu ɗaya, takardu fes babu ko lanƙwasa, ya nemi jadawalin duti ya ga mai sa hannun tana hutun haihuwa a wata biyu daga ciki. Daga nan ya daina yarda da sauran fayil ɗin, har da sassan da aka yi da gumi da gaskiya. Ranar na ji wa ma'aikatan ɗakin yara ciwo ƙwarai, domin nasu alƙaluman sahihai ne.

Idan wani ya matsa maka ka cike, ko da na sama da kai ne, ka ce, "Yallaɓai, a bar ni in rubuta dalili, ya fi mana sauƙin karewa." Watan da ba a tattara ba ka bar gurbinsa fari a zanen, ka rubuta a ƙasa abin da ya hana da ranar da aka ci gaba, ka sa hannu da kwanan wata, shugaban kwamiti ma ya sa nasa.